Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatin Jihar Kano: Kafin A Gama Rufe Jakara, A Dubi Abin Da Landan Ta Binne A Ƙarƙashinta

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, da 'yan Majalisar Dokokin Jiha, da injiniyoyin da ke ba su shawara a kan ayyukan birni.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, ni ɗan cikin birni ne, an haife ni a wata unguwa da ba ta da nisa da rafin Jakara, kuma yau shekaru masu yawa ke nan neman abinci ya zaunar da ni a gabashin Landan. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne maganar da ke yawo a bakin mutanenmu duk lokacin da aka buɗe sabuwar gadar sama ko gadar ƙasa, cewa saura jirgin ƙasa na cikin gari, har masu dogon buri su ce me zai hana a yi na ƙarƙashin ƙasa irin na Turai. Ban raina wannan buri ba, domin kusan kullum ina shiga irin wannan jirgi, na kuma san daɗinsa. Sai dai zamana a nan ya nuna mini cewa ramin da ya tsare rayukan mutanen Landan na ƙazanta ne, saboda haka nake roƙon idan har Kano za ta zuba dukiya a ƙarƙashin ƙasarta, to ruwan kwata da na masai da ruwan sama su riga fasinja shiga.

Kusa da gidana akwai wata doguwar hanyar ƙafa da keke da ake kira Greenway, wadda ta ɗaga sama ta ratsa unguwanni kamar badala. Na yi watanni ina bin ta da yamma ban san abin da nake takawa ba, sai wata rana da aka yi zafi wani wari ya bugo ni daga wani murfin ƙarfe a gefen hanyar, warin da duk wanda ya tashi kusa da Jakara zai gane shi ko da idonsa a rufe. Ashe tudun nan gaba ɗayansa babbar magudanar ƙazantar arewacin Landan ce, aka lulluɓe ta da ƙasa. A gefenta akwai wani tsohon gini mai ƙubba da ado a wurin da ake kira Abbey Mills, wanda baƙo zai ɗauka fadar wani sarki ce, alhali gidan injinan tura ruwan bahaya ne da aka buɗe a 1868. Na daɗe a tsaye ina mamakin mutanen da suka ƙawata gidan kashi haka, kafin daga baya na karanta irin wuyar da suka sha har suka san darajarsa.

A farkon ƙarni na 19 gidajen Landan da salga suke amfani, kamar yadda yawancin gidajen Kano ke yi a yau. Da masai na zamani mai kora da ruwa ya yaɗu, sai ramukan suka riƙa cika suna tumbatsa, hukuma ta ba da umarnin a juya su cikin magudanan ruwan sama, su kuwa magudanan duk a kogin Thames suke zubewa, kogin da mutanen garin ke sha. Kwalara ta kashe sama da mutum 14,000 a annobar 1848 zuwa 1849, ta sake kashe sama da 10,000 a ta 1853 zuwa 1854. A wannan ta biyun ne wani likita mai suna John Snow ya bi gida gida a unguwar Soho yana ƙirga mamata, har ya gano cewa rijiya guda ce a titin Broad Street ke shayar da su, ya sa aka cire hannun famfonta. Da aka tona, sai aka tarar da wata tsohuwar salga dab da rijiyar tana yoyo a cikinta. Ranka ya daɗe, babu wanda ya san lungunan birni da zai ji wannan labari bai tuna gida nawa ya shiga ya ga rijiya da masai a tsakar gida ɗaya, taku kaɗan tsakaninsu ba.

Duk da haka mahukunta ba su motsa ba sai da abin ya zo hancinsu. A bazarar 1858 aka yi zafi mai tsanani, kogin ya ja baya, warinsa ya cika ginin majalisar dokoki da ke bakin ruwan, har aka riƙa jiƙa labulen tagogi da sinadari ko a samu sauƙi. Cikin kwana 18 aka zartar da dokar gina magudanan ƙazanta da aka yi shekaru ana jan ƙafa a kanta, aka damƙa aikin a hannun injiniya Joseph Bazalgette. Dabararsa mai sauƙin fahimta ce: ya gina manyan magudanai na jan bulo, kimanin kilomita 130, a kwance suna bin tsawon kogin, yadda za su tare ƙananan magudanan kafin su kai ruwa, su gangara da ƙazantar gabas can bayan gari. A gaɓar kogin ta arewa, inda ya cike bakin ruwa ya yi titin Victoria Embankment, tono ɗaya aka yi aka saka magudanar ƙazanta da layin jirgin ƙasa da hanyar bututai, sannan aka shimfiɗa titi a kai. Da kwalara ta dawo a 1866, ɓarnarta mafi muni a gabashin garin ta yi, inda ba a gama haɗa aikin ba, kuma daga ita Landan ba ta sake ganin babbar annobar kwalara ba.

Inda labarin ya fi kama da namu shi ne na wani ƙaramin kogi mai suna Fleet, wanda ya taso daga tudun Hampstead ya ratsa tsakiyar gari. Mahauta da majema da gidaje suka mayar da shi juji, har mutane suka gaji da ganinsa, aka yi ta rufe shi yanki yanki tun daga shekarun 1730. Rufewar ta kawar da shi daga ido, amma ƙazantar da ke cikinsa ta ci gaba da kwarara zuwa Thames kamar da, kuma a 1862, lokacin da ake tonon layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a duniya, wanda aka buɗe a Janairun 1863, magudanar Fleet ta fashe ta cika ramin aikin. Sai da magudanan Bazalgette suka tare shi sannan aka huta. Jakara ita ce Fleet ɗinmu. Tarihin Kano ya ambaci kurminta tun zamanin Barbushe, yau kuwa ita ke kwashe kwatar cikin birni da ta kasuwar Kurmi da jinin abbatuwa, ta bi ta Fagge da Kwakwaci, rafin Getsi ya ƙaro mata ruwan masana'antun Bompai, ta je ta zube a madatsar Wasai a Minjibir. Aikin gina ta da kankare da shimfiɗa titin Wuju-Wuju a kanta, wanda aka fara a zangon mulki na 2011 zuwa 2015 ya kuma yi shekaru a tsaye, aiki ne mai amfani, zai rage cunkoso ya kuma hana yara faɗawa. Tambayata ita ce, ruwan da ke gudana a ƙarƙashin titin, wa zai tare shi, kuma ina za a kai shi a tace?

Wannan tambaya ma Landan ta amsa ta da kuskure kafin ta gyara. Bazalgette bai tace ƙazantar ba, ya dai kai ta Beckton da Crossness ne a gabas da gari, ana sakin ta cikin kogi. A 1878 wani jirgin ruwan fasinja mai suna Princess Alice ya yi karo ya nutse kusa da wuraren sakin, sama da mutum 600 suka mutu a cikin baƙin ruwan, kuma bayan wannan ne aka fara tacewa. Mu namu wurin sakin gonaki ne, domin da rani da ruwan Jakara ake ban ruwan latas da kabeji da alayyaho da ke komowa kasuwanninmu, a Wasai kuma ana kamun kifi. Abin da birni ya kora da safe yana dawo masa a faranti.

Ba zan manta wani daren watan Agusta ina yaro ba, da aka kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Cikin dare ruwa ya shigo ta zaure, baƙi ƙirin, ɗauke da tsummoki da sharar unguwa. Mahaifiyarmu ta kife turmi biyu ta ɗora buhun gero a kai, mu kuma muka tsaya ruwa iya gwiwa muna kwarfa da kwanuka har asuba. Da gari ya waye katangar maƙwabtanmu ta zauna, rijiyar gidanmu ta cika har baki da ruwan da babu wanda ya tambayi daga ina ya fito, kuma kafin mako ya zagayo yaran layin da dama sun kwanta da gudawa. A lokacin akwai kududdufi a bayan unguwar da ke shanye rabin ruwan. Zuwana gida na ƙarshe na tarar an cike shi an yi shaguna.

Aikin Bazalgette ya yi wa Landan hidima sama da shekara 150, amma an gina shi ne garin na da mutum kimanin miliyan 3, yau kuwa sun kusa miliyan 9. Ƙari a kan haka, ruwan sama da na masai hanya ɗaya suke bi, don haka a da ko ɗan yayyafi aka yi magudanan suka cika, sai su yi ambaliya cikin Thames, abin da ya kai kimanin tan miliyan 39 a shekara. Maganin da aka yi shi ne ramin Tideway, mai tsawon kilomita 25 da faɗin mita 7.2, wanda ya taso daga Acton a yamma, ya bi ƙarƙashin kogin har Abbey Mills, inda ya haɗu da wani ramin mai suna Lee da ke kaiwa matatar Beckton. An fara aiki a 2016, injinan haƙa suka shiga ƙasa a 2018, aka gama haɗa komai a 2025. Yadda ake yi shi ne a fara haƙa wata ƙatuwar rijiya, a zura injin a gindinta guntu guntu a harhaɗa shi. A goshinsa akwai faifai mai haƙoran ƙarfe da ke juyawa a hankali yana gwaguyar ƙasa, ƙasar na fita ta baya, shi kuma duk ɗan takun da ya yi sai ya ɗauko lanƙwasassun guntayen kankare ya jera su zobe, ya dogara a kan zoben ya tura kansa gaba. Injina 6 suka yi aikin, ta cikin yumɓu a yamma, yashi da tsakuwa a tsakiya, alli a gabas, yawancin ƙasar da aka fitar kuma ta kogi aka kwashe ta a jiragen dako don kada manyan motoci su toshe gari. Ramin yana gangarawa da mita 1 a kowace mita 790, daga zurfin kimanin mita 30 zuwa sama da 60, yadda ruwa zai tafi da kansa, ya taru a ciki har hadari ya wuce, sannan injina su ɗago shi a tace.

Kuɗin ya kai kimanin fam biliyan 4.5, kuma ba daga baitulmali ya fito kai tsaye ba, an ɗora shi ne a kan takardar kuɗin ruwa ta kowane gida, abin da aka ƙiyasta zai kai kimanin fam 25 a shekara, ni ma ina cikin masu biya. Hakan ya yiwu ne domin kowane gida yana da famfo mai kawo ruwa da takardar biya da ke iske shi. Ba kowa ne ya yarda da aikin ba. Farfesa Chris Binnie, wanda ya shugabanci kwamitin da ya ba da shawarar ramin a 2005, daga baya ya juya ya ce akwai hanyoyi masu arha, ciki har da samar da wuraren da ruwan sama zai tsaya ya nutse maimakon ya afka magudana. Abin da Landan ke kashe kuɗi tana ƙirƙira yanzu ke nan, mu kuwa kakanninmu sun bar mana shi kyauta a kududdufan da suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini, muna cike su da bola muna yanka filaye. Ambaliyar Kantin Kwari ta 2022, wadda 'yan kasuwa da dama suka ɗora alhakinta a kan gine-ginen da aka yi bisa hanyar ruwa, ta nuna abin da hakan ke jawowa.

Game da jirgi kuwa, layin Elizabeth da nake shiga ya ci ramuka na kilomita 42 da injina 8 suka haƙa tsakanin 2012 da 2015. An tsara buɗe shi a Disamban 2018 a kan fam biliyan 14.8, bai buɗe ba sai Mayun 2022, kuɗin ya doshi biliyan 19, kuma abin da ya jawo jinkirin tashoshi ne da na'urorin sarrafa zirga-zirga, haƙan kansa an gama shi da wuri. Wajen aikin tashar Liverpool Street an tono ƙasusuwan mutum sama da 3,000 daga wata tsohuwar maƙabarta. A birnin Kolon na Jamus, a Maris ɗin 2009, gidan adana tarihin garin ya rufta saboda aikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, mutum 2 suka rasu, a shekarar kuma titi ya burma a Babul Sha'ariyya ta Alƙahira ana haƙa layin jirgi na uku. Ita Alƙahira, wadda ɗalibanmu na Azhar suka sani sarai, ta buɗe layinta na farko a 1987, amma a waɗannan shekarun ne ta haƙa babban ramin ƙazanta a gabashin Nilu da taimakon Birtaniya, bai dai yi suna kamar jirgin ba. Mu tun 2016 ake maganar kwangilar jirgin cikin gari ta dala biliyan 1.85 da wani kamfanin Sin, kuma a ganina idan lokacinsa ya zo a bisa ƙasa ya kamata ya bi, kamar yadda Legas ta yi da layinta da ya fara aiki a 2023, domin Kano tana da manyan tituna masu faɗi da za su ɗauke shi.

Ba ina cewa a sayo injin irin na Tideway gobe ba ne, domin ƙasarmu da halinmu daban ne. Ƙarƙashin Kano marmara ce da ruɓaɓɓen dutse, can ƙasa kuma dutse mai tauri wanda zurfinsa ke sauyawa daga wuri zuwa wuri, kuma babu abin da ke wahalar da injin haƙa kamar rabin goshinsa na cin dutse rabi na cin ƙasa mai laushi. Magudanar ƙazanta tana bukatar ruwa mai yawa da zai kora ta, alhali unguwanni da yawa da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse suka dogara, inda babu isasshen ruwa kuwa bututu toshewa yake yi. Ramin da ya yi zurfi dole sai da injin ɗago ruwa, injin kuma sai da wutar da ba ta ɗaukewa, musamman a tsakiyar hadari, lokacin da aka fi ɗauke ta. Sa'ar da muka yi ita ce birnin a kan tudu yake, arewacinsa na gangarawa Jakara, kudancinsa na gangarawa kogin Challawa, saboda haka injiniya mai lura zai iya barin gangara ta yi masa yawancin aikin.

Abin da nake roƙo da farko ba ya bukatar bashi daga waje, wato a zana taswirar ƙarƙashin Kano. A san inda kowane bututun ruwa da wayar wuta da ta sadarwa da kwalbati suka bi, a yi awon zurfin dutse da na ruwa, a kuma nemi Masarauta da masu unguwanni da dattawa su nuna tsofaffin rijiyoyi da karofi da maƙabartun da gini ya hau kansu, domin a garin Musulmi tono kan kabari ba ƙaramar magana ba ce, kuma gidan ƙasa ba ya jure ƙasa ta zauna a ƙarƙashinsa ko da ɗan yatsa ne. Sannan duk inda aikin Jakara bai ƙarasa ba, a saka bututun tare kwata a gefe biyu na magudanar tun kafin a zuba kwalta, yadda ruwan gidaje na rani zai bi tasa hanyar, na sama ya bi tasa, a kauce wa haɗa su da Landan ta yi wanda ya ci mata biliyoyi daga baya. A cikin lungunan da mota ba ta shiga akwai dabarar tura bututu ta ƙarƙashin ƙasa daga rijiya zuwa rijiya da ƙaramin inji, ba tare da rushe gidan kowa ko biyan diyya ba. A bar ƙofofin shiga don yasa, domin ledar da ta toshe kwatar da ake gani za ta fi toshe wadda ba a gani.

Abin da ya fi duka gaggawa shi ne a keɓe fili tun yanzu a ƙasan gari, kafin Wasai, don matatar ruwan ƙazanta, a ba shi takarda a kewaye shi, tun gari bai cim masa ba. Ko manyan tafkunan tacewa ne da rana ke yi wa aiki, waɗanda suka dace da zafinmu ba su kuma cin wuta sosai, za su wadatar a farko, kuma a nan ne motocin kwasar masai za su sami halastaccen wurin juye kayansu. Abuja tana da matatarta a Wupa, don haka akwai injiniyoyin gida da suka san aikin. Kududdufan da suka rage kuma a ƙirga su, a yi musu doka a Majalisa, a daina yanka su.

Na san irin wannan aiki ba shi da farin jini wurin masu neman ƙuri'a, tunda ba a ganinsa daga mota, ba a kuma ɗaukar hoto a gabansa. Jami'anmu suna yawan zuwa Landan taro ko ganin likita, don haka ina roƙon duk wanda ya zo a cikinku ya ware yamma ɗaya ya sauka a tashar West Ham, ya hau Greenway ya taka zuwa Abbey Mills, tafiyar ba ta fi ta Kurmi zuwa Ƙofar Mata ba. Idan ana son ɗan rakiya ina nan, zan kuma nuna murfin ƙarfen da na fara jin warin.

Allah ya taimaki Gwamna, ya yi riƙo da hannunku.

Wassalam,
Wani ɗan cikin birnin Kano mazaunin gabashin Landan.